Kawu Maɗori da Abin da Ya Faɗa a Zaman Makokin Ɗansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Aliero, ana tsakiyar cirar albasa. Ina cikin aji a makarantar firamaren da nake koyarwa a Jega aka kira ni a waya. Na ajiye alli, na je gida na ɗauki Inna, muka hau mota. Har muka isa tana jan carbi.

Mun tarar da ƙofar gida cike. Akwai waɗanda kowa ya san za su zo: malamai, manoman fadama da laka a ƙafafunsu, 'yan kasuwar albasa, da mutanen da ya taɓa yi wa ɗori, don Kawu maɗori ne kamar ubansa da kakansa. Amma can gefe, jikin katangar maƙwabta, wasu samari ne tsaye su kaɗai. Ba su shiga cikin mutane ba, mutane ma ba su matsa musu ba. Wasu da tabon sara a fuska, wasu a rame. Ƙanena ya gaya mini daga baya cewa da aka fito da makara su ne suka fara kai hannu. Wani dattijo ya ce a hana su, liman ya ce a ƙyale su. Su suka kai shi har maƙabarta suna karɓa-karɓa a tsakaninsu.

A cikin gida, wata mata daga Karaye ta zauna a bakin ƙofar ɗakin matar Kawu. Ba wanda ya san ta. Da ta gama gaisuwa sai ta ce, "Ɗana na can gona yanzu haka. Ba don wanga bawan Allah ba, da shina kabari ko gidan kaso. Abin da niz zo in hwaɗa ke nan." Ta tashi ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Ba kowa ne ya zo da irin wannan magana ba. Da kunnena na ji wata maƙwabciya tana raɗa wa ta kusa da ita: "Allah shi jiƙan shi, amma dai yanzu mun huta da 'yan ƙwaya a ƙohwar gida." Ban ji haushinta ba. Shekaru ta yi ba ta aiken 'ya'yanta ranar Alhamis da yamma. Akwai kuma wani uba daga Jandutsi da ya zo ya yi gaisuwa a tsaye, ya ƙi zama kan tabarma. Ɗansa ya yi wata shida yana zuwa wurin Kawu, kuma duk da haka ya mutu.

Inna ba ta zubar da hawaye ba sai rana ta uku. Da aka fita da gawar, abin da kawai ta ce shi ne, "Ya tahi da taurin kai nai."

Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda mutane suka fara gyara shi tun kafin ƙasar kabarinsa ta bushe. Ana cewa mai haƙuri ne, mai taushin magana. Ba haka yake ba. Ina son a tuna da shi yadda yake.

Kawu ba ya doguwar gaisuwa. Kana cikin tambayar gida da iyali da gajiya zai katse ka: "Lahiya lau. Mi yak kawo ka?" Mutane da yawa sun ɗauke shi mai girman kai saboda wannan. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kullum jikinsa na warin albasa da man shanu. Ba ya cin goro, ba ya shan shayi, sai fura ba sukari. A zaurensa yake aiki: tabarma ɗaya, tarin karan dawa da ya fere daidai-wa-daida, tsummoki wankakku, da ƙwaryar man shanu. Idan aka kawo mai karaya sai ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya bi wurin da yatsunsa a hankali. Tambaya ɗaya yake yi: "Ƙaƙa anka yi?" Duk amsar da aka ba shi, ba ya cewa komai sai ya gama ɗaurewa. Muna yara mun ɗauka ba ya saurara ne. Ashe yana gwada abin da aka faɗa da abin da hannunsa ya ji.

Shi ya fara lura cewa irin karayar da ake kawo masa ta sauya. Da can faɗuwa ce daga bishiya, ko harbin jaki, ko hatsarin babur. Sai ga samari ana kawo su da hannu a farfashe da gora, da haƙarƙari a karye, idanunsu jajir, ana jan ƙashi ba sa ko motsi don abin da suka sha bai sake su ba. Ya sha faɗa wa matarsa cewa abin na damunsa. Amma bai yi komai ba, don a lokacin abin yana cikin gidansa, kuma yana rufewa kamar kowa.

Ɗansa na biyu, taubashina, shi ne abokin wasana tun muna ƙanana. Ƙaƙƙarfa ne, mai yawan dariya. Lodin albasa yake yi a kasuwa, yana ɗora buhuna kan manyan motoci. A nan ya fara shan tramol, wai don ya jure aiki. Daga ƙwaya ɗaya ya koma biyu, ya haɗa da kodin, ya daina cin abinci sosai, ya fara ɗaga wa uwarsa murya. Duk mun sani. Idan ya yi kwana biyu a kwance sai a ce zazzaɓi ne. Idan ya fasa tukunya sai a ce iska ce, a nemo rubutu. Wata rana da tsakar rana yana ban ruwa a fadama jijjiga ta kama shi, ya faɗa da fuska cikin hanyar ruwan da bai kai gwiwa ba. Kafin mai gonar kusa ya lura, rai ya yi halinsa.

Kafin a fita da shi manyan gida sun riga sun daidaita baki: farfaɗiya ce. Washegari ana zaman makoki a ƙofar gida, mutane cike, wani baƙo ya tambaya ko ya yi jinya. Baffan mamacin ya buɗe baki zai ba da amsar da aka shirya, sai Kawu ya riga shi.

"Bai yi jinya ba. Ƙwaya ta tak kashe shi. Tramol shika sha, shekara biyu, kuma na sani. Na yi shiru don kunya. Duk wanda ɗa nai ka sha, to, ga ƙarshen abin nan kun gani."

Ƙanena yana wurin. Ya ce nan take wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka fara neman takalmansu. Liman ne ya ceci zaman da ya ɗaga hannu ya fara addu'a.

Labarin ya shigo cikin gida kafin a shafa. Inna ta bari har baƙi suka ragu, sannan ta same shi a zaure. Ina bayanta riƙe da buta.

"Yaya, ka tona muna asiri," in ji ta. "Yaron ga ya mutu, ka bi shi har kabari ka tuɓe mai sutura. Ɗiyanka mata biyu na ɗaki. Wa za shi zo neman aure gidan da uba da bakinai yac ce ɗan ƙwaya ya hito?"

Kawu bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Shekara biyu muna ruhwa mai asiri, ni da ke da uwa tai. Kin ga inda munka kai shi."

"To, ni ba ni ƙara taka gidan ga."

Ta cika maganarta. Shekara uku ba ta je ba, ko da salla. Kuma ba a kan komai ta yi kuskure ba. Dangin wanda ke neman babbar 'yarsa sun janye kafin wata ya zagayo. Yarinyar ta yi kuka har ta rame, ta daɗe ba ta kai wa ubanta abinci da hannunta ba. Matar Kawu ma ta yi watanni ba ta shiga taron mata ba. Wannan duk shi ya jawo musu, kuma ban taɓa jin ya ba su haƙuri a kai ba.

Bayan arba'in wani manomi ya zo zaure wai gwiwarsa ke ciwo. Kawu ya taɓa, ya ce lafiyarta lau. Mutumin ya zauna bai tashi ba. Can ya ce, "Nawa ma shina sha." Bayansa wani ya zo, sai wani. Da suka yi yawa Kawu ya ce ba zai iya ganinsu ɗai-ɗai ba, kowa ya zo ranar Alhamis bayan la'asar, ya zo da ɗan. Haka zaman Alhamis ya fara. Ba shi da suna, ba shi da allo a ƙofa. Tabarmi ne a zaure da randar ruwa.

Sharuɗɗansa kaɗan ne. Saurayi ba ya zuwa shi kaɗai, sai da uba, ko uwa, ko wa. Ba a shigo da wuƙa ko gora. Kowa zai faɗi abin da yake sha da bakinsa, a gaban na gida. Sannan ba duka, ba ɗaurewa da mari. A kan wannan na ƙarshe ya ɓata da mutane da yawa, har da wasu malamai, don a lokacin abin da aka sani ke nan: a ɗaure yaro a ɗaki har ya dawo hankalinsa. Kawu ya ce ya ga idon sawun da mari ya cinye, kuma bai taɓa ganin wanda aka kwance ya daina ba.

Akwai ranar da wani uba daga Giwa Tazo ya kawo ɗansa da hannu a karye. Shi ya karya shi da taɓarya, don ya kama shi yana sayar da irin albasar gidan ya sayi ƙwaya. Uban bai ɓoye ba, har da alfahari yake faɗa. Yawanci mutum biyu masu ƙarfi ne ke riƙe wa Kawu mai karaya. Ran nan ya ce su koma gefe. Ya dubi uban.

"Kai kak karya shi, kai za ka riƙe."

Uban ya riƙe kafaɗar ɗan. Kawu ya ja. Yaron ya yi ƙara, ƙashin ya motsa a ƙarƙashin tafin uban. Mutumin ya so ya saki, Kawu ya daka masa tsawa ya ce in ya saki sai an sake daga farko. Aka gama ɗaurewa uban na kuka kamar shi aka yi wa. Kawu ya wanke hannu ya ce, "Alhamis ku zo tare. Shi da ƙwaya tai, kai da taɓaryarka, kowa na da abin da za shi bari." Sun zo. Yaron nan yanzu magidanci ne.

A hankali wasu suka shigo. Liman, da wani ma'aikacin asibiti da ya yi ritaya wanda ya san yadda jiki ke yi idan an daina ƙwaya, da shugaban 'yan lodi. Mutane suka fara kiran su kwamiti, Kawu kuwa har ya mutu "mutanen Alhamis" yake cewa. Ranakun kasuwa sukan je Jega da Maiyama su zauna da iyaye. Sukan roƙi masu fadama su ba samarin da suka daina ɗan fegi su noma, don Kawu ya ce wanda ya daina ya zauna ba aiki zai koma kafin sati. Idan rikici ya tashi tsakanin samarin unguwanni, su ake kira kafin a kai ga hukuma.

Akwai wani mai kemis da kowa ya san a wurinsa ake saye. Kwamiti ya je ya yi masa magana sau biyu, ya yi musu dariya. Sai Kawu ya bar aikinsa, ya je da safe ya zauna kan bencin ƙofar shagon. Duk saurayin da ya doso, sai ya kira shi: "Kai, ba ɗan wane ba na? Ina kwana. Gaishe min da babanka." Yaro ya juya. Haka ya yi tun safe har la'asar, kwana tara a jere. Mai kemis ya yi zagi, ya yi roƙo, daga baya ya kwashe kayansa ya koma wani gari. Mun yi murna. Juma'ar da ta biyo, mutane na masallaci, aka cinna wa rudun Kawu wuta, wato rumfar da yake ajiye albasarsa ta shekara. Ba a tsira da ko buhu ɗaya ba. Kawu ya ce ya san wanda aka aiko, yana cikin masu zuwa zaman, amma ya ƙi faɗin sunansa. 'Ya'yansa sun ji haushin wannan ƙwarai. Shekarar nan dangi ne suka ciyar da gidan.

Kada wani ya ɗauka yawancin samarin sun warke. Ba su warke ba. Wasu sun zo sau biyu suka ɓace. Wasu sun daina shekara guda suka koma. Mafi muni shi ne na samari biyu daga unguwanni masu gaba da juna, waɗanda ya sasanta a zaurensa har suka ci abinci a kwano ɗaya. Da lokacin zaɓe ya zo aka raba musu abin da aka saba rabawa, kuɗi da ƙwaya, ɗaya ya daɓa wa ɗayan wuƙa a bakin tasha. Ɗaya na kabari, ɗaya na gidan yari. Uwar mamacin ta zo har ƙofar gida ta ce Kawu ne ya sa ɗanta ya saki jiki da maƙiyinsa. Kawu ya tsaya ya saurare ta har ta gama. Ya rufe zauren wata guda, ba ɗori, ba zama. Ranar da ya buɗe bai yi wa kowa bayani ba, ya dai shimfiɗa tabarmi.

Yanzu sai nawa, wanda na so in tsallake. Amma ba zan rubuta labarin mutumin da ya ƙi ɓoye nasa ba, ni in ɓoye nawa.

Mijina na lokacin direban babbar mota ne, yana kai albasa kudu. Mutumin kirki ne da na aure shi. Ƙwayar hana barci ya fara sha saboda doguwar hanya, daga nan ta zame masa abin kullum. Ya fara da zagi, ya kai ga mari. Ban gaya wa kowa ba sai Inna, ita kuma ta ce in yi haƙuri, kowane gida da irin nasa. Wata safiya ya dawo daga tafiya, kwana uku bai runtsa ba. Na ce ya rage murya yarinya na barci. Ya ɗauki itacen girki. Na ɗaga hannu na kare kaina, na ji ƙarar abin kafin na ji zafinsa.

Inna ce ta naɗe mini hannun da zane. Akwai masu ɗori a Jega, amma ta ce ba za ta ba wani hannun ɗiyarta ba. Haka ta taka gidan da ta yi shekara uku ba ta shiga ba. Ba su gaisa ba. Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya nuna tabarma. Ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya bi hannun da yatsunsa.

"Ƙaƙa anka yi?"

Inna ta riga ni: "Santsi ya kwashe ta bakin rijiya."

Ya ja, ya jera kara, ya ɗaure. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Wanda yaf faɗi, nan wuyan hannu shika karyewa, don da tahi shika tare ƙasa. Wanga wurin kuwa sai wanda yaɗ ɗaga hannu shina kare kai nai." Ya juyo gare ni. "Ɗiyata, da mi yab buge ki?"

Na ce, "Da icce, Kawu."

Inna ta toshe bakinta da gyale. Ta zame ta zauna a ƙasa, a kan tarin karan nan, ta yi ta kuka. Kawu ya miƙo mata ruwa a moɗa. Iyakar sulhunsu ke nan. Ba wanda ya ce wa wani ya yi haƙuri.

Na zauna gidan Kawu ni da ɗiyata har hannun ya haɗe. Ya aika aka kira mijin, ya zo da yayansa, ya faɗi abin da yake sha a gaban mutane, ya yi kuka. Wata huɗu mijin bai yi fashin zaman Alhamis ba. Ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Kawu ya ji daɗi sosai, don samun magidanci ya tsaya haka ba abu ne mai sauƙi ba. Ya kira ni ya ce lokaci ya yi da zan koma ɗakina. Na ce, "Kawu, ni har yanzu tsoro nika ji." Ya ce tsoron zai wuce, kuma in ban koma ba mutumin zai karaya ya koma ruwa. Na koma.

Shekara ɗaya da rabi muka yi lafiya. Sannan ya koma doguwar hanya, ya koma sha. Wannan karon ba ni ya samu ba. Ɗiyata, tana da shekara biyar, ta zubar masa da shayi a riga. Mari ɗaya ya yi mata. Jini ya fito ta kunnen hagu. A asibiti aka ce kunnen ya tafi.

Da la'asar ɗin ranar Kawu ya iso Jega. Bai yi wa mijin magana ba, ko kallonsa bai yi ba. Ya ce in haɗa kayana. Ya ɗauki yarinyar a kafaɗa har gidan Inna. A tsakar gida ya tsaya gabana ya ce, "Kin ce kina tsoro, ban saurara ba. Shi nika kallo, ban dube ki ba. Ni nim maishe ki." Shi ya tsaya har aka raba auren.

Daga nan ya sauya tsarin zaman. Ya ce shekara da shekaru yana tambayar mai sha da ubansa, bai taɓa tambayar matan da ke kwana gida ɗaya da su ba. Ya ce ba za a ƙara cewa mace ta koma ba sai ita ta ce tana so, kuma ba a gaban maza za a tambaye ta ba. Ana bukatar mace babba da za ta riƙe wannan. Inna ce ta karɓa. Ita da ta yi shekara uku tana fushi don an faɗi gaskiya a fili, ita ce yanzu mata ke zuwa ɗakinta a Jega ranar Asabar. Tana da zafi kamar yayanta. Idan mace ta fara cewa faɗuwa ta yi, sai Inna ta ce, "Ni ma na taɓa hwaɗin hakanan. Zauna ki ba ni labari."

Shekaru biyun ƙarshe hannunsa ya fara rawa. Ya bar wa babban ɗansa ɗori, amma yana fitowa zaman Alhamis, a jingine shi da bango. Ba ya magana sosai. Ban san ko zaman zai ɗore ba. Alhamis ta farko bayan rasuwarsa mutum huɗu suka zo. Shugaban 'yan lodi ya ce zai ci gaba da shimfiɗa tabarmi ko mutum ɗaya ne. Shagunan da ke sayarwa sun fi na da yawa, kuma yaran da ke saye sun fi na da ƙanƙanta. A ajin da nake koyarwa ma na taɓa ƙwace sholisho a hannun ɗan aji shida.

Sati biyu kafin ya rasu na kai masa ɗiyata, wadda yanzu ta shekara tara. Yana kwance, ya rame ƙwarai. Da can wasan kaka da jika suke yi, tana ɓoye masa hula. Ran nan bai yi wasa ba. Ya ce, "Zo nan. Wane kunne na mai ji?" Ta nuna na dama. Ya ce ta zagayo ta ɗaya gefen gadon. Ta zagayo, ta sunkuyo.

"Kin san mi yas sa ɗayan bai ji?"

"Baba yam mare ni."

"I, shi yam mare ki. Amma uwarki ta riga ta baro gidan da ke. Ni nic ce ta koma. Da ban ce ba, da kunnenki na nan. Ina son ki yahe mani."

Yarinyar ta juyo ta dube ni. Na so in ce mata ta amsa da sauri, tsoho ne, mara lafiya. Kawu ya ɗaga mini yatsa, na fasa.

Ta ce, "Kaka, in na yahe, kunnen za shi dawo?"

"A'a. Ba shi dawowa."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta ce, "To, bari in yi tunani."

Matar Kawu ta ce, "Ke!" Amma shi sai ya gyaɗa kai. "Ƙyale ta. Kin yi daidai. Kada ki bari kowa ya sa ki gaggawa."

Ba mu sake ganinsa da rai ba.

Ranar addu'ar bakwai, muna cikin mota za mu koma Jega, tana zaune a cinyata don wurin ya yi kaɗan. Mun wuce gonakin albasa sai ta juyo ta ce, "Mama, na gama tunanin. Na yahe mai. Yanzu wa za ni gaya ma?"

Inna ce, daga kujerar gefe, ta jawo ta, ta kai baki kusa da kunnenta na dama ta ce, "In mun isa gida ki yi alwala ki gaya ma Allah. Shi za shi isar."

Da muka isa ko takalmi ba ta tsaya cirewa ba, ta ɗauki buta.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da aikinsa da kurakuransa, bai ɓoye ko ɗaya ba. Ka yafe masa kamar yadda yarinyar nan ta yafe, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da ɗansa cikin rahamarka. Mu da muka rage kuma, ka tsare mana 'ya'yanmu. Amin.